Darasin Zuciya a Megabait 5: Nazarin Lamarin Wata Malama a Zariya

## Asalin lamarin

Malamar da wannan nazari ya shafa tana koyar da bayoloji a wata sakandaren 'yan mata ta jeka-ka-dawo a Zariya. Ta yi NCE a Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke garin, daga baya ta haɗa digiri a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru. Ta haura shekara 10 tana riƙe da alli. Azuzuwan SS2 da SS3 take ɗauka, kowane aji 'yan mata sun haura 60, darasi kuwa minti 40 ne. Ɗakin malamai ɗaya muke zama da ita, a nan na ga yawancin abin da ke ƙasa.

Inda take shan wahala shi ne darussan abin da ke motsi, musamman zagayawar jini. Zuciya ɗaki huɗu ce. Jinin da ya gama zaga jiki yana shiga ɗakin sama na dama, ya sauka na ƙasa na dama, a tura shi huhu ya ɗebo iskar oksijin, ya dawo ɗakin sama na hagu, ya sauka na ƙasa na hagu, daga nan ya fita ta babbar jijiyar da ake kira aorta zuwa ko'ina a jiki. A faɗe ba wuya. A allo kuwa, zanen kaɗai yana cin kusan minti 10, kafin ta gama jan kibiyoyi na farkon sun shige cikin na ƙarshe, 'yan layin baya kuma daga littafin na gabansu suke kwafa.

Kuskure biyu take tsinta kowace shekara a takardun gwaji. Na farko, ɗalibai suna musanya dama da hagu, domin a zanen littafi daman zuciya yana hannun hagun mai kallo, kamar mutumin da ke fuskantarka. Na biyu, sun haddace cewa jijiyar da ke fita daga zuciya jini mai oksijin take ɗauka, alhali wadda ke kai jini huhu ta saɓa wa wannan. Sunayen Turanci suna nan a kansu tsaf. Amma a ce wa yarinya ta bi ɗigon jini ɗaya daga ƙafa har ya koma ƙafa, nan ake yin ta. Waɗanda ke kai shi gida ba tare da sun ɓace ba, a aji guda, yatsun hannu biyu sun isa a ƙirga su.

## Maris zuwa Agusta 2020: kulle

A ƙarshen Maris 2020 aka rufe makarantu saboda korona, Jihar Kaduna kuma ta shiga dokar zaman gida. Gwamnatin jiha ta sa darussa a rediyo da talabijin. Malama takan kunna ta saurara, ta ce mai koyarwar ya iya bayani, sai dai rediyo ba ya nuna zane.

Ta buɗe zaure a WhatsApp da lambobin iyayen da ke rajistar aji, tana ɗaukar hoton rubutun hannunta tana turawa. Masu amsawa ba su da yawa, kuma kullum su ɗin ne dai. Wani magidanci ya bugo mata yana tambayar ko wace ce, da dalilin da saƙo ke shigowa wayar iyalinsa bayan Isha'i. Ta ba shi haƙuri, ta yi bayani, ya ce ya ji, washegari ta ga ya cire lambar daga zauren.

'Yan ajin ƙarshe sun koma makaranta a farkon Agusta, aka fara WAEC ranar 17 ga watan. Cikin 'yan kwanakin da ke tsakani babu abin da aka yi sai gudu a kan silabus. Bayan jarrabawar ta yanke shawarar koyon haɗa darasi a kwamfuta da kanta.

## 2021: zaman koyo

Ta ɗauki adashi ta sayi laftof ta hannu. Ta yi rajista a wata cibiyar koyar da kwamfuta a Sabon Gari, Asabar da Lahadi, wata 3. Ita ce babba a ajin. Sauran samari ne masu son yi wa 'yan kasuwa shafuka su samu na kashewa, kuma darussan don su aka tsara. Mai koyarwar, wanda ta girme shi nesa ba kusa ba, Hajiya yake ce mata, ita kuma ta ce masa Malam, domin a wurin shi ke da allo.

An koya musu HTML, wato alamomin da ke gaya wa burawza, manhajar buɗe shafukan intanet, cewa wannan kan magana ne, wannan sakin layi, wannan hoto. An koya musu CSS, mai kula da launi da girman rubutu da inda kowane abu zai zauna. Sai PowerPoint, da gyaran hoto, da yanka sauti a manhajar Audacity, da ɗan yankan bidiyo. Makonnin farko hannunta ba ya sauri, kuma takan buɗe alama ta manta rufewa, shafi duka ya koma rubutu mai kauri.

Abu biyu sun faru a wannan lokacin da suka yi tasiri daga baya. Ta rubuta gwajin shafinta na farko da Hausa, da ta buɗe sai ta ga ƙ da ɗ da ɓ sun rikiɗe sun zama wasu alamomi marasa kan gado. Mai koyarwar bai taɓa cin karo da haka ba, domin duk aikinsa da Turanci ne. Sai da suka yi bincike tare suka gano layi ɗaya ne ya ɓace a saman fayil, wanda ke shaida wa burawza cewa rubutun a tsarin UTF-8 yake, tsarin adana haruffa da ya san irin waɗannan baƙaƙe. Na biyu, ta ɗauko wasu tsofaffin faya-fayan CD daga ɗakin gwaje-gwajen makaranta masu zanen zuciya mai bugawa, ta yi murna, suka ƙi buɗewa. Da Flash aka yi su, wata manhajar kunna zane mai motsi. Kamfanin Adobe ya daina tallafa wa Flash ranar 31 ga Disamba 2020, ya kuma toshe shi daga 12 ga Janairu 2021. Tun daga ranar ta ƙi yarda ta gina darasi a kan abin da sai an girka wata manhaja ta musamman kafin ya buɗe.

## Satumba zuwa Disamba 2021: majigi

Makarantar na da majigi ɗaya a ofishin shugaba. Malama ta haɗa darasin zuciya a PowerPoint, shafi sama da 30. Ta kwashe rubutun darasinta duka ta zuba a ciki, ta ƙawata da launuka, kalmomi suna shigowa da juyi, hotuna kuma ta tsinto su daga intanet.

Sau 4 ta shirya nunawa a zangon. Sau ɗaya babu wuta kuma babu mai a janareta. Sau ɗaya an samu wuta, amma kafin a karɓo makulli, a jawo waya daga ofis, a sami teburin da za a ɗora majigin, fiye da minti 15 sun tafi. Tagogin ajin ba labule, hasken rana ya wanke hoton, ja da shuɗin jini suka zama toka-toka. A karo na uku ta aro zannuwa aka rataya, hoto ya fito, aji ya zama tanda. A na huɗu, cikin hazon Disamba, majigin ya yi zafi ya kashe kansa, ƙura ta toshe masa wurin shan iska.

A ranar da komai ya yi aiki ma, abin da ta lura da shi bai faranta mata ba. 'Yan mata sun duƙufa suna kwafar rubutun da ke bango. Tana magana, ba mai jin ta, in ta wuce shafi sai aji ya ɗauka: "Malama, a dawo baya, ba mu gama ba." Gwajin ƙarshen zango ya fito da kurakuran nan biyu yadda suke.

## Janairu zuwa Yuli 2022: shafin intanet

Ta ce tunda aji ya ƙi, bari darasi ya bi yara gida. Ta gina shafi, ta ɗora shi a ɗaya daga wuraren da ke karɓa kyauta. A laftof ɗinta ya yi kyau ƙwarai, mu ma da ta nuna mana a ɗakin malamai mun yaba. Akwai babban hoto a sama, akwai jerin darussa, akwai bidiyonta na minti 12 a gaban allo. Ta rubuta adireshin a allo, kowa ta kwafa.

Bidiyon, yadda waya ta ɗauke shi, ya haura gigabait 1. Kwana ta yi tana ɗora shi. Hotunan shafin kuwa kowanne megabait 3 zuwa 5 ne, yadda suka fito daga kyamara. Ita ba ta ji nauyin ba, domin daga cikin laftof ɗinta take buɗewa.

Wanda ya fara nuna mata ɗan ƙaninta ne, ɗalibi a Samaru, wanda yajin aikin ASUU da aka fara ranar 14 ga Fabrairu 2022 ya zaunar, ya koma taya wani mai gyaran waya aiki a PZ, unguwar kasuwanci ta Zariya. Ya buɗe shafin a wata tsohuwar Tecno da aka kawo gyara. Fuskar wayar ta daɗe fari fat. Da shafin ya fito, rubutun ƙanana kamar ƙwan kifi, sai an ja da yatsu biyu. Ya ce mata: "Gwaggo, wannan ai don masu laftof kika yi shi. Wa zai ƙona datarsa a nan?"

Ƙanƙantar rubutun layi ɗaya ya gyara ta. In ba a gaya wa burawzar waya ta yi aiki da faɗin fuskarta ba, takan ɗauka shafin na kwamfuta ne mai faɗin fiksel 980, ta matse shi. Bidiyon ma sun rage shi da manhajar matse bidiyo ta HandBrake ya dawo ƙasa da megabait 100. Amma a lokacin WhatsApp ba ya ɗaukar bidiyon da ya wuce megabait 16 a matsayin bidiyo, kuma ko an gyara, buɗe shafin data yake ci kowane lokaci. Zuwa ƙarshen zango na uku, waɗanda suka ce sun taɓa buɗe shi ba su cika benci biyu ba.

## Satumba zuwa Disamba 2022: ƙirga wayoyi

A farkon sabuwar shekarar karatu ta yi abin da ba ta yi ba tun 2020. Ta raba wa sabon ajin SS2 ƙananan takardu, ba suna, ta ce kowa ta rubuta irin wayar da ke gidansu, ta wa ce, da lokacin da take iya taɓa ta.

Masu babbar waya ta kansu ba su kai 10 ba. Kashi mafi girma sun ce akwai babbar waya, amma ta Baba ce ko ta Yaya, tana fita da safe ta dawo da dare, kuma in ta dawo caji ake nema mata. Wasu da dama sun ce wayar da ke wuni a gida ta Mama ce, ƙarama mai maɓalli, wadda ake sa wa memori a ji karatu da wa'azi. Kaɗan suka ce babu ko ɗaya. Game da lokaci, amsar kusan iri ɗaya ce: a tashi daga boko a tafi Islamiyya, a dawo a ɗora tukunya, sai bayan Isha'i ake samun sarari. Wata ta ƙara da cewa ko an ba ta aron waya, ba ta da ikon kunna data.

Cikin wannan zangon ta kai wa wata tsohuwar malamarta ta kwaleji gaisuwa a unguwar Gyallesu, ta nuna mata shafukan PowerPoint ɗin. Tsohuwar ta duba uku ta tambaye ta ko kunne da ido take son yara su yi amfani da su, ko ido kaɗai sau biyu. Ita ta ambata mata aikin Richard Mayer, masanin ilimin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara, wanda ya daɗe yana gwaje-gwaje kan koyo da hoto da magana. Abin da Malama ta riƙe daga ciki huɗu ne. Hoto da murya sun fi hoto da murya da kuma rubutun maganar duka a lokaci guda, domin ido ba ya iya bin zane da karatu tare. Ado da kiɗan da ba su da alaƙa da darasi suna rage fahimta. Bayani mai tsawo a yanka shi gunduwa-gunduwa, mai koyo ya wuce gaba in ya shirya. Sunan abu kuma a sa shi a jikin abin, ba can ƙasan shafi ba. A kwas ɗin Sabon Gari ba a taɓo ko ɗaya ba, kuma ba laifinsu ba ne, mai tallan takalma ba ya buƙatar su.

## Janairu zuwa Agusta 2023: sake gini

Ta kafa wa kanta doka: darasi ɗaya ba zai wuce megabait 5 ba, kuma ba zai nemi data ba bayan ya shiga waya. Bidiyo ya fita daga lissafi. Ta koma ga murya.

Ta ɗauki sautin da wayarta da dare, a cikin ɗaki, an kashe fanka, ta rataya bargo a bayanta don rage amsa-kuwwa. A Audacity ta yanke tari da dogon shiru, ta fitar da shi MP3 a kilobit 64 cikin daƙiƙa, wanda ke cin kusan rabin megabait a minti. Darasin zuciya ya zama gunduwa 3, kowace minti 2. Bayanin da Hausa take yi, sunayen sassa kuma da Turanci, ta faɗa ta maimaita ta kuma harrafa, tunda da Turanci WAEC da NECO ke tambaya. Hotuna ta rage faɗinsu zuwa fiksel 800, kowanne ya dawo kamar kilobait 100.

Gwajin farko ya faɗi. Ta sa fayil ɗin HTML da hotuna da sauti a jaka ɗaya, aka tura wa wayoyi 'yan kaɗan ta Xender. A yawancinsu rubutu ya fito, hoto da sauti babu. Android kan miƙa wa burawza fayil ɗin da aka taɓa shi kaɗai, ba ta ba ta damar ganin maƙwabtansa a jakar. Ɗan ƙanin nata ya nuna mata yadda ake narkar da hoto da sauti su zama rubutu a cusa su cikin HTML ɗin kansa, abin da ake kira Base64. Hakan na ƙara nauyi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Minti 6 na sauti ya tashi daga kusan megabait 3 zuwa 4, hotuna suka ƙara rabi, fayil ɗaya ya tsaya ƙasa da 5. Tambayoyin gwajin kai kuma ta yi su da wata alamar HTML mai ɓoye amsa har sai an taɓa tambayar, ba ta buƙaci JavaScript, yaren da ke sa shafi ya amsa taɓawa, ba.

Saura masu ƙaramar waya, waɗanda ba su da hanyar buɗe HTML. A nan ne ta fi daɗewa tana juya abin. Ƙaramar waya tana kunna MP3 daga memori, amma murya ba zane ita ce rediyon 2020 da ta raina. Sai ta zana zuciya a takarda ɗaya, baƙi da fari, layuka masu kauri yadda fotokwafi ba zai cinye su ba. Ba ta rubuta sunan komai ba, lambobi kawai ta sa daga 1 zuwa 10. Ta sake ɗaukar sautin duka don ya yi magana da takardar. Ya fara da cewa yarinya ta ɗaga takardar ta manna a ƙirjinta, zanen na kallon waje, ta duba wane gefe ne ya faɗa damanta. Sannan ta ajiye ta ɗora yatsa a kan lamba 1, ta bi jini zuwa 2, ta tsaya ta rubuta sunan da ta ji. A wurin jijiyar huhu muryar takan dakata ta yi tambaya: wannan jinin ya je huhu tukuna ko bai je ba? Shiru na daƙiƙa 5, sannan amsa.

Ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur. Kafin ƙarshen zangon, janaretan makaranta ya koma na aikin ofis da lokacin jarrabawa kaɗai. Majigi ya koma kwalinsa.

A Babbar Sallah ta ƙarshen Yuni, ta roƙi maigidanta kada a taɓa zuciyar ragon layya. Ta wanke ta, ta tsaga, ta ɗora a farin faranti a tsakar gida ta ɗauki hoto daga kusurwa huɗu, ta zura tsinken tsintsiya ta kowace jijiya don a ga inda take ɓullewa. Zuciyar rago ɗaki huɗu ce kamar ta mutum, kuma a hoton ana ganin yadda bangon ɗakin ƙasa na hagu ya fi na dama kauri, tunda shi ke tura jini har yatsun ƙafa, na dama kuwa huhu kawai yake kai wa. Waɗannan hotunan suka maye gurbin na intanet, maganar haƙƙin mallaka ta kau. Ba ta sa hoton ɗaliba ko muryarta a kowane fayil ba, domin abin da ke yawo daga waya zuwa waya ba a san inda zai kwana ba.

## Shekarar karatu ta 2023/2024: amfani da sakamako

Rabawar ba ta bi ta WhatsApp ba. Ta nemi izinin shugabar makaranta, a taron iyaye da malamai ta tashi ta kunna sautin kowa ya ji, ta nuna takardar, ta ce babu data, babu zaure, babu lambar kowa da za a karɓa. Masu babbar waya aka tura musu nan take ta Xender da Bluetooth. Masu ƙarama aka ce su aiko da memori cikin ambulan da sunan yarinya, ta zuba daga laftof ta mayar. Waɗanda ba su da waya ta haɗa su da maƙwabta 'yan aji ɗaya.

A aji, kowa da takardarta. Malama takan kunna gunduwa ɗaya daga wayarta ta ƙaramar sifika mai caji, ta tsayar, ta zaga tsakanin benci tana duba inda yatsu suke. Minti 10 na zane a allo ya dawo mata. Wadda ta ɓace, tun daga nesa take ganin yatsanta a ɗakin da ba shi ba.

A ƙarshen zango ta ba da tambayar da ta saba bayarwa: zane ba suna, a bi ɗigon jini daga ƙafa zuwa ƙafa. Fiye da rabin ajin sun kai shi daidai. Musanya dama da hagu ya ragu ƙwarai, har ta ga wasu a zauren gwaji suna ɗaga takardar tambaya zuwa ƙirji. Kuskuren jijiyar huhu ya ragu amma bai tafi ba. Rubuta sunayen Turanci daidai kuwa bai motsa ba, masu kuskuren harafi suna nan yadda suke.

Da ta tambayi wanne suka fi amfani da shi a gida, masu cewa sauti da takarda sun ninka masu cewa fayil ɗin HTML. Har cikin masu babbar waya, wasu sun ce MP3 ɗin suke kunnawa suna wanke-wanke, su koma ga takardar daga baya.

Matsaloli ba su ƙare ba. Wasu memori sun dawo an goge darasin an zuba waƙoƙi. Ɗaya ya shigo wa laftof da cuta, aka kwana biyu ana wanke ta a PZ. Kuɗin fotokwafi daga jakarta yake fita. Kowane darasi yana cin ƙarshen mako biyu, tsakanin rubuta abin faɗa, ɗauka, zane da gwadawa a ƙaramar waya da babba. Zuwa Yuli 2024 darussa 6 ta kammala: zuciya, numfashi, narkar da abinci, ƙoda, ido, da tafiyar ruwa a jikin tsiro. Malamin fiziks ya karɓi dabarar fayil ɗaya, amma shi bai gina nasa ba, ya sauke gwaje-gwajen kimiyya na kwaikwayo da ake kira PhET, na Jami'ar Kolorado, waɗanda ke aiki ba data bayan an sauke, yana nunawa rukuni-rukuni a wayarsa. Da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100 a Janairu 2025, darussan Malama ba su ji a jikinsu ba. Shafin intanet ɗin yana nan, ta daina sabunta shi.

## Hukunci

Gwaji biyun farko ba rashin iya kwamfuta ya kayar da su ba. PowerPoint ɗin yana buɗewa, shafin ma yana aiki. An gina su ne don ɗakin da ke da wuta da labule, da kuma ɗalibar da ke da waya da data da lokaci, kuma babu ɗayansu a wannan makarantar. Takardun nan marasa suna da ta raba a Satumba 2022 ba su ci minti 20 ba. Da a 2020 aka raba su, da ba a yi asarar zango uku ba. A ganina wannan ne kuskure mafi tsada a lamarin, kuma mu da muka yaba shafin a ɗakin malamai muna da kaso a ciki, domin babu wanda ya ce a buɗe shi a waya.

Majigin yana da wani ciwo na daban, wanda ko da wuta ta tsaya ba zai warke ba. Rubutu cike da bango ya mai da darasi kwafa, kuma 'yan matan ba su yi laifi ba, abin da aka horar da su a kai ke nan tun firamare: abin da ke allo a littafi yake ƙarewa. Takardar mai lambobi ta yi aiki saboda babu abin kwafa a cikinta. Dole kunne ya ji, yatsa ya bi, hannu ya rubuta suna a inda ya dace. Manna takarda a ƙirji kuwa ba fasahar kwamfuta ba ce, dabarar malamar da ta shekara 10 tana ganin kuskure ɗaya ce.

Wani zai ce to ashe kuɗin kwas da na laftof sun tafi a banza, tunda takarda da murya suka fi tasiri. Ban yarda ba. Ba don zaman Sabon Gari ba, da ba ta san yadda ake mai da minti 6 na magana megabait 3 ba, da ba ta iya yanke shiru na daƙiƙa 5 a daidai wurin tambaya ba, da kuma maganar ɗan ƙaninta ta Base64 ta wuce ta kai. Kwas ɗin ya ba ta hannu. Abin da za a yi da hannun daga Gyallesu da takardun yara ya fito. Cibiyar da za ta koyar da malamai wannan sana'a ta haɗa biyun, kuma ta sa su gwada aikinsu a mafi ƙanƙantar wayar da ke ajinsu kafin a ba su shaida.

Ma'aunin da aka yi amfani da shi tambaya ɗaya ce a aji ɗaya, kuma malamar da ta koyar ita ta yi maki. Ya isa ya nuna kuskuren dama da hagu ya ragu. Bai isa a jingina masa sakamakon WAEC ba, inda zuciya ɗan yanki ce a cikin silabus na shekara 3. Harrafa sunaye da bai gyaru ba ma yana da dalili a fili: murya tana koyar da hanya, rubutun kalma kuwa sai ido ya gan ta sau da yawa, kuma takardar da gangan aka hana ta sunaye. Malama ta fara buga jerin sunayen a bayan takardar, a juya bayan an gama saurare.

Abin da ya fi rauni shi ne komai a wuyan mutum ɗaya yake. Darussa 6 a shekara ɗaya da rabi, da kuɗinta da hutunta. Fayilolin asali suna cikin laftof ɗin adashi, wadda batirinta ya mutu, sai a jikin wuta take aiki. Ban da su kwafi ɗaya ne kawai, a filash ɗin da ke cikin durowar shugabar makaranta.